Albasar da Ta Cinye Mashanyar Doña Duvi

Duk wanda ya taɓa zama a Peña Sorda ya san Eduvigis Tabilo, ko da bai san ta da wannan dogon sunan ba, don Doña Duvi kowa ke ce mata, har fadan cocin da ke leƙo mu sau ɗaya a wata. 'Yar guntuwar mace ce, rana da gishiri sun gasa ta, tafin hannunta ya yi kanta, bakinta kuwa ba linzami. Tun tana 'yar shekara tara take tsintar huiro a gaɓar teku, har ta kai sittin da bakwai, kuma ba ta taɓa kwana a wani gari ba sai sau ɗaya da aka kai ta La Serena cire haƙori. Ta dawo tana zagin garin, wai ruwansu ɗanɗanon ƙarfe yake yi.

Huiro dai ciyawar teku ce mai kauri da nauyin tsiya. A ƙarƙashin ruwa yake yin kurmi, gindinsa manne da dutse. In teku ta yi fushin kwana biyu sai ta tumɓuko wanda ya tsufa ta watso mana shi gaɓa. A jawo da ƙugiya, a saɓa a baya, a hau tudu a shanya, in ya bushe a ɗaure dami-dami a jira mota. Kowane gida da yankin gaɓarsa da mashanyarsa, ba takarda ba shinge, kowa ya san iyakarsa. Mashanyar gidan Tabilo wani gangare ne da ke kallon arewa, rana na dukansa tun safe, iska na ratsa shi. Huiron da zai yi mako guda a wurin wasu, a nan kwana huɗu ya ƙame. Uwar Doña Duvi a nan ta yi shanya, kakarta ma haka. Da abin da gangaren nan ke bayarwa ta yi jinyar mijinta Floridor har ya rasu, ta raini ɗanta Nibaldo, shi ma da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa mata uku.

Abin da ya sa ake mata kallon mai taɓin hankali shi ne ƙwayayen pintarroja. Ɗan ƙaramin kifin shak ne, bai fi kamu guda ba, jikinsa dabbare-dabbare, yana kwance abinsa a cikin kurmin huiro, ba ya cizon kowa, ba mai cin namansa. In ya faɗa raga masunta zaginsa suke yi su wurgar. Macen takan naɗe ƙwanta a reshen huiro, 'yar jaka ce mai tauri kamar laya, da murɗaɗɗen zare a kusurwa. To Doña Duvi ba ta taɓa shanya reshe ba sai ta bi shi da yatsa. In ta sami ƙwai sai ta ɗaga shi saitin rana ta kanne ido. In ta ga ɗan abu na motsi a ciki, sai ta warware shi a hankali ta kai wani kwarmin dutse da ruwa ba ya ƙafewa, inda ta ja igiya ta danne bakinta da dutse, ta ɗaure shi a nan. Bayan watanni ta tarar da jakar wayam, mai ita ya kama gabansa.

Tana 'yar shekara goma ta taɓa fasa ɗaya da haƙori don ta ga abin da ke ciki. Ɗan abin ya zamo tafin hannunta, bai kai ƙaramin yatsa ba, da gwaiduwarsa maƙale a jikinsa, yana buɗe baki yana rufewa har ya daina. Uwarta ta ɗauke ta da mari. Doña Duvi takan ce marin bai dame ta ba, ɗan bakin nan ne ya tsaya mata a rai.

Uberlinda, maƙwabciyarta, ita ta riƙe Nibaldo ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre. Ba ta gajiya da tsokana.

"Comadre, yau haihuwa nawa aka yi a asibitin naki?"

"Biyu. Kuma sun fi naki 'ya'yan hankali, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce in ba shi na giya."

"Ki dai ci gaba, ran da kika mutu su za su ɗauki akwatin."

"Gara su da surukinki. Shi ko kujera ya ɗauka sai ya huta sau biyu."

Akwai kuma albasar. A cikin ƙasar gangaren nan akwai wata albasar daji da muke kira cebollín, ba ta fi aya girma ba. Sai ta yi shekara biyar, shida, tana kwance ba ganye ba alama, don ruwan sama a wajenmu baƙo ne. Shekarar da aka yi ruwa kuwa sai gangaren ya yi fari fat da fure, ƙamshin tafarnuwa-tafarnuwa ya cika gari. Dokar gidan Tabilo ce, ranar da ruwan farko ya sauka a kwashe duk abin da ke shanye, a koma kan duwatsun ƙasa a lallaɓa, ba a sake taka gangaren sai furen ya bushe ya zubar da iri. Wata uku ke nan na wahala da asara. Dalili kuwa, a wata shekarar yunwa wannan albasar kakar Doña Duvi ta tono ta dafa wa yara suka rayu, shi ya sa ake jin nauyinta. Doña Duvi ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba. Abu ne da ake yi kawai, kamar jawo ƙofa in za a fita.

A wata busasshiyar shekara sai ga wata matashiya daga jami'a, Yasna Oyarzo, da hular rana da jakar goyo da leɓe duk a tsage. Ta ga busasshen furen albasar nan ne manne a wata tsohuwar takarda, wani ya tsinko shi daga yankinmu shekara tamanin da suka wuce bai rubuta takamaiman wurin ba. Kwana uku tana hawa tuddai tana tambaya, maza na ce mata su kifi suka sani. A rana ta huɗu ta zube a ƙofar Doña Duvi kamar za ta yi kuka. Tsohuwa ta dafa mata shayi, ta gasa mata gurasa a kan garwashi, ta yanka mata cukun akuya, sannan ta karɓi hoton furen ta duba.

"Wannan? Af! A kansa kike ta ƙona fuskarki? Taso, mijita, 'yata."

Ta kai ta gangaren, ta ture wani reshen huiro da ƙafa, ta durƙusa ta tona da yatsa biyu, sai ga albasa uku a tafin hannu. Ba zan ɓoye muku ba, alfahari ne ya ɗebi tsohuwar. Shekara da shekaru ana mata dariya, yau ga mai ilimin jami'a na neman sani a gabanta.

"Doña Duvi, kin san abin da kika ba ni kuwa?" in ji Yasna. "Dangin albasar miya ce da tafarnuwa, gidansu ɗaya. Amma in zatona ya yi daidai, wannan ba a taɓa ba ta suna ba. Kowane mai rai sai an ba shi suna biyu, na gidansu da nasa na kansa, sannan a shigar da shi littafi a ga ko yana cikin haɗari."

"Ashe su ma da gidajensu. To nawa 'ya'yan fa, 'yan wane gida ne?"

Ta ja ta zuwa kwarmin dutsen ta nuna mata igiyar, ƙwai goma sha huɗu na lilo a ruwa. Yasna ta yi ta mamaki, ta ɗauki hoto, ta latsa wayar hannunta.

"Shi an daɗe da ba shi suna. Ɗan uwan manyan shak ne, daga gidan masu idon kyanwa. Ga shi nan, an rubuta ba ya cikin damuwa, tun daga Peru har kudancin ƙasar nan akwai shi."

"Wa ya ƙirga?"

"Masana."

"Sun shiga ruwan?"

Yasna ta yi dariya. "Bambancin shi ne, shi yana da teku sukutum. Ita kuwa albasar, wataƙila duk duniya wannan gangaren kaɗai gare ta."

Kafin ta tafi ta fito da wata takarda mai layi-layi, ta ce 'yan tambayoyi ne.

"Me ake yi a wurin nan?"

"Shanya."

"Kullum?"

"Kullum, mijita. Tun ba a haifi uwarki ba."

Shi ke nan fa, da kalma ɗaya ta daɓa wa cikinta wuƙa. Ba ta ce ana kwashewa in an yi ruwa ba. To me za ta faɗa? Wa ke zaunar da baƙo ya ba shi labarin yadda yake jawo ƙofa? Yasna ta rubuta, ta ɗauki hoton huiro shimfiɗe baƙi ƙirin a kan gangaren, ta rungume tsohuwa, ta tafi da albasa shida ƙunshe a cikin safa.

Shekara biyu shiru, sai katin gaisuwar Kirsimeti. A ta uku sai ga mota da turaku da naɗin wayar shinge. Albasar ta yi fure a ɗakin gwajin jami'a, an tabbatar sabuwa ce, an raɗa mata sunan da ko fada sai ya yi tuntuɓe kafin ya faɗa, an sa ta a sahun masu bakin ƙarewa. Gangaren kuma, ashe a takarda na gwamnati ne. Wani jami'i mai farin takalmi ya tara mu a ɗakin taron masunta ya karanta mana cewa babbar barazana ga wannan tsiro ita ce shanyar huiro, wadda mutanen wurin da bakinsu suka tabbatar ana yi kullum. Ya ɗaga hoton shanyar da Yasna ta ɗauka kowa ya gani.

Doña Duvi ta miƙe. "Señor, shekara sittin ina kwashe kayana duk ranar da aka yi ruwa. In shanyata ke kashe ta, yaya aka yi kuka same ta da rai? Ku je mashanyar kowa a garin nan ku tono mini ko ɗaya in gani!"

"Gaskiya ta faɗa," in ji Uberlinda daga bayan ɗakin. "Mu ba ma kwashewa, tamu ta daɗe da mutuwa. Ita ce mai haukan, shi ya sa tata ke nan."

Jami'in ya ce yana jin su, amma wannan ba ya cikin rahoto. Washegari aka kafa turaku. Kai, na ga rashin kunya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin an kori mai gadi an kafa waya a gurbinsa, sannan a ce wai ceto aka yi ba.

Bayan mako biyu Yasna ta zo da kanta, wannan kam na yaba mata. Da ta ji zancen kwashewar sai ta dafe kai.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kin tambaye ni ko na wanke hannu kafin in kwaɓa gurasar da kika ci?"

"Na rubuta a shafi na arba'in cewa a zauna da mutanen wurin kafin a yi komai. Na rantse na rubuta."

"To ai an zauna. Har kujeru aka jera."

Yasna ta ce za ta rubuta gyara, kuma ta rubuta ɗin, ba na ɗaukar alhakinta. Aka amsa mata cewa za a sake duba zancen bayan shekara goma. Doña Duvi ta ce a gaishe su, in sun zo su tambayi inda kabarinta yake.

Suka koma kan duwatsun ƙasa. Amma wurin da ake lallaɓawa wata uku ba ya ɗaukar shekara. Inuwar tudu na rufe shi tun rana tsaka, raɓa ba ta barinsa, huiro ya yi yauƙi ya ruɓe, ƙudaje su taru. Sau biyu taguwar ruwa ta hau ta kwashe aikin wata guda ta mayar da shi inda ya fito. Mashanyar sauran gidaje kuwa kowa tasa ta yi masa kaɗan. Uberlinda ta matsa musu gefe, faɗin tabarma huɗu, me zai yi wa baki shida?

Nibaldo mutum ne mai shiru-shiru, ya ba arba'in baya. Shekara goma masu kwalekwale na zawarcinsa, don ba wanda ya kai shi iya nutso. Su ba sa jiran teku ta ba su. Mutum ya nutse da tiyon iska a baki da dagin ƙarfe a hannu, ya ɓanɓare huiro da ransa tun daga gindi, a loda shi ɗanye, mota na jira a gaɓa, ba shanya ba komai. Inda dagi ya bi sai dutse tsirara. Saboda uwarsa yake ƙi. Wata safiya ta fito ta ga dagi jingine a bayan ƙofa.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, mamita."

"Niba, a kurmin nan suke haihuwa."

"Na sani."

"Ka sani, amma ka..."

"Nawa ma haifarsu aka yi, mamita! Uku ne, kuma ci suke yi. Takalmin Mireya ya huje, da kwali take toshe shi ta tafi makaranta. In je in ce mata kifi ya fi ta?" Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Ya sassauta, ya dubi ƙasa. "Ba ni na nuna wa kowa albasa ba."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta hura wuta ta gasa gurasa biyu, ta ƙunshe masa da cuku a cikin tsumma, yadda ake yi wa duk mai fita teku.

Kar a ɗora wa Nibaldo duka, kwalekwale bakwai ne daga garuruwa uku. Amma shi ne gwaninsu, shi ya san inda kurmin ya fi duhu, kuma uwarsa ce ta koya masa. Cikin shekara biyu teku ta daina watso abin kirki, in ta yi fushi sai kumfa da robobi. Igiyar kwarmin dutse ta koma ƙwai biyar, ta koma biyu, ta koma igiya kawai da gansakuka. Duk da haka kowace safiya tsohuwa sai ta sauka ta duba. Uberlinda ta daina tambayar asibiti. Doña Duvi ta ce da ma ta ci gaba, don shirun ya fi ci mata rai.

Sai aka yi ruwa, a watan Yuli, kwana biyu cur. Ranar farko Doña Duvi ta zabura ta suri ƙugiya za ta je kwashe shanya, sai da ta kai bakin shingen ta tuna. A watan Satumba gangaren ya yi fari fat, yadda yake yi tun zamanin kakarta, bai ƙaru ba bai ragu ba. Motoci suka cika gari, mutanen birni da kyamarori, wasu na toshe hanci wai garinmu na wari. Aka shirya biki a bakin shingen, aka aiko wa Doña Duvi takardar gayyata, wai za a ba ta shaidar yabo a matsayin mai gadin furen. Ta ce ba inda za ta.

"Je ki mana, comadre," in ji Uberlinda, "ko lemo kya sha. Ai da gangarenki aka saya."

Ta sa baƙar rigar da ta raka Floridor kabari da ita, ta tafi.

Ana tsakiyar jawabi motar huiro ta taso daga gaɓa, shaƙe da ɗanyen kaya, ruwa na zuba a bayanta. Hanyar ta gefen shingen ta bi, dole ta tsaya saboda taro. Nibaldo ya diro daga bayan motar, rigar nutso na rataye a ƙugunsa. Bai dubi kowa ba, ya zo gaban uwarsa ya miƙa mata hularsa a dunƙule.

"Na tsinto miki, mamita. Waɗanda na iya. Tun safe suke cikin kwalekwale, ba a ba ni lokaci ba."

Ƙwayayen pintarroja ne, goma sha ɗaya. Ta ajiye takardar yabon a ƙasa, ta ɗauki na farko ta ɗaga saitin rana ta kanne ido. Ta ɗaga na biyu, ta ɗaga na uku. Rana ta riga ta dafa su, sai warin man inji suke yi. Ta bi su duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba, Nibaldo na tsaye kansa a ƙasa. Babu wanda ya motsa a ciki.

Yasna ta matso, idonta ya cika da ƙwalla. "Doña Duvi..."

"Duba mini littafin nan naku, mijita. Har yanzu ba ya cikin damuwa?"

Yasna ba ta duba ba. "Har yanzu," in ji ta a hankali.

"To madalla."

Ta juya ga shingen. Da zaren kusurwarsu ta shiga ɗaure su a jikin wayar, ɗaya bayan ɗaya, irin ɗaurin da take yi a igiyar kwarmi, a naɗa sau biyu sannan a zarge. Jami'in nan mai farin takalmi ya matso ya ce, señora, an hana rataya komai a shingen nan.

"Bar su, señor," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. "An ce nan ne ake gadin abin da ya kusa ƙarewa."

Ta ɗaure na goma sha ɗaya, ta kakkaɓe hular ta miƙa wa ɗanta. Ta ce ya sa a kansa kar rana ta buge shi, ya je, mota na jira.